'Yar Hantsin Kawu Tanimu

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na ɗauki biro. Ni ba marubuci ba ne, iyakacina firamare, ɗinki nake yi a Rano. Ban da haka, ina tsoron kada ba da labarin mamaci ana dariya ya zama cin namansa. Na tambayi limamin unguwarmu, ya ce muddin babu ƙarya babu aibatawa, ba laifi. Da na isa shago sai na shiga tunanin ko bai fahimci tambayar da kyau ba, na rufe na koma. Ya ce, "Sabi'u, amsar ba ta canza ba tun ɗazu. Je ka rubuta, ka bar ni in karya kumallo." Duk da haka sai da na hau mota na je Kibiya na nemi izinin matar marigayin, Inna Kande. Ta ce, "Rubuta duka. Abin da ka manta zan tuna maka, ai ni na zauna da shi."

Cigiya ce ta tilasta mini rubutun nan. Kawu Tanimu, yayan mahaifiyata, ya rasu a daminar bara, kuma 'yar fulawar da ya yi shekara da shekaru yana reno a kwanuka ta bi bayansa tun kafin a tashi daga zaman makoki. Ko reshe ɗaya bai saura a gidan ba. Inna Kande ta ce in nemo mata irinta. Inna ta tsufa, idonta kuma kullum raguwa yake yi, ni kuwa na nema har na gaji. Amma in na yi cigiyar haka kawai, wanda bai san Kawu ba zai ce babba da ni ina neman ciyawa. Don haka bari in fara da shi.

Ku da kuka san shi kun san Kawu ba ya alwala a masallaci, ba ya yi a gona, ba ya yi a gidan kowa. Ko ana tsakiyar hira a majalisa, da lokacin salla ya gabato sai ya miƙe ya kaɗe riga. A ce, "Malam Tanimu, ga buta nan." Ya ce, "Ruwan alwalata yana da masu jira a gida." Ranar da zai zo Rano kuwa, da alwalarsa yake tahowa, ya yi ta lallaɓa ta har ya koma. Ba ya kishingiɗa, kuma ko za ka haɗa shi da Allah ba zai taɓa ƙosai ko alala ba.

In ya isa gida sai ya jawo kwano ɗaya daga cikin kwanukan fulawarsa, ya tsuguna a kansa da buta. Abin da ya ɗigo daga gwiwar hannu da gemu, shi ne rabon wannan kwanon. Salla ta gaba, kwano na gaba. Da yake kwanukan suna da yawa, sai kwano ya kwana biyu layi bai zo kansa ba. In ka ce ƙasar ta bushe, ya ce, "Bar ta. Ba ta son shagwaɓa." Mu duka mun ɗauka rowa ce kawai, domin Kawu mutum ne da in ashana ta mutu yakan adana tsinken don sakace.

Ga wanda bai taɓa ganin fulawar ba, ba ta tashi sama, ba ta wuce tafin hannu daga ƙasa. Rassanta jajaye ne masu taushi, sukan cika kwano su zubo ta baki. Ganyenta sirara masu ruwa-ruwa, kamar ƙwayar shinkafa. Furen bai fi murfin kwalbar lemo ba, fari ne da ratsin ja, kamar an ɗiga zoɓo a cikin nono. Ba ta buɗewa sai hantsi ya ɗaga, kuma kafin a kira azahar ta tsuke abinta sai gobe. Shi ya sa ya raɗa mata 'Yar Hantsi. Ko tana da wani suna a littafi, ban sani ba, ba kuma zan ƙirƙira ba.

A Kibiya ba a shuka abin da ba a ci, ba a sayarwa, ba a jiƙawa a sha. Don haka duk baƙon da ya shigo, tambayarsa ɗaya ce da ta na jiya.

"Malam Tanimu, ana miya da ita?"

"A'a."

"To maganin mene ne?"

"Ba ta maganin komai."

"To me ake yi da ita?"

"Kallo. Ido ma yana jin yunwa, ku dai ba ku taɓa tambayarsa ba ne."

Ba wanda ya yarda. Wasu suka ce maganin maciji ce, wasu suka ce ta farin jini ce yake ɓoyewa. Inna ta ce in ta farin jini ce, to, ba ta ci ba.

Bai taɓa sayen abin shuka ba. Gwangwanin madara, fasasshiyar tukunya, tsohon shantali, har hular kwanon wani ɗan acaɓa da ta tsage, duk ya huda gindinsu da ƙusa ya cika da yashi da ɗan takin tumaki. Da suka ƙare masa sai ya fara leƙen ɗakin Inna. Wata rana ina zaune ina cin ɗumame ta fito.

"Malam, ina langata mai ruwan ɗorawa?"

"Wacce?"

"Wadda na zo da ita gidan nan."

"Ai ta huje."

"Yaushe?"

"Ɗazu."

Inna ta je ta ɗago langar, ga yashi a ciki, ga huji a jere kamar rariya. Ta ce, "Ita da kanta ta huje haka, da tsari?"

Kawu bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Kande, shekara nawa tana saman kabad ba ta ga rana ba? Aiki na sama mata."

Ranar da yamma a cikin murfin tukunya aka kawo masa tuwo. Ya cinye, ya juya murfin yana dubawa, ya ce wannan ma da ya ɗan fi zurfi da ya yi.

Asalin fulawar, a yadda ya gaya mini, daga Jos ya zo da ita lokacin da yake zuwa ci-rani yana saurayi. Ya gan ta a gindin katangar wani gida, ya tsinki reshe ya sa a cikin hularsa. Wannan labari ya daɗe yana damuna, har na kasa haƙuri na ce, "Kawu, ka nemi izinin masu gidan kuwa?" Ya ce, "Na yi sallama ba a amsa ba. Kuma reshen ya leƙo kan hanya. Abin da ya fito hanya ai ba a ce an shiga gida an ɗauka ba." Ban gamsu ba.

A da, a kan dakalin ƙofar gida yake jera kwanukan, don can rana ta fi faɗowa da safe. Maƙwabcinsa Malam Iro, abokinsa tun suna yara, yana da wata jar akuya marar kunya. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jihar nan, lokacin da ba a hirar komai a majalisa sai ta haddi, akuyar ta hau dakali ta yi wa kwanuka aski, sai kaɗan suka tsira. Kawu ya sa babbar riga ya ce kotu za shi. Na bi shi ina roƙo tun daga ƙofar gida, ina ce masa za a yi mana dariya, ina ce masa zumunci zai ɓaci. Ya ce, "An ce an kawo shari'a. Zan je in ga ko ta iso kan dakalina."

Ranar zama Malam Iro ya zo riƙe da akuyar a igiya. Aka ce ya ɗaure ta a waje, ya ce a'a, shi bai ci komai ba, in yanke hannu za a yi ga mai laifin nan, tana da har huɗu.

Alƙali dattijo ne mai haƙuri. Ya yi wa Kawu tambayoyin da kowa yake yi, ana ci, ana sayarwa, ya sami amsoshin da kowa yake samu. Sannan ya ce, "A ina kwanukan suke?"

"A kan dakalina, Allah gafarta Malam."

"Cikin gida ko waje?"

"Waje ne, amma dakalin nawa ne."

"Da rana ta ci ko da dare?"

"Da hantsi. Ta jira sai da suka buɗe, don mugunta."

Alƙali ya sunkuyar da kai na ɗan lokaci, ina jin dariya yake dannewa. Ya ce abin da mutum ya ajiye a bakin hanya da rana, tsaronsa yana wuyansa, dabba ba ta da hankali. Ya ce su je su sasanta, tsofaffi da su. Kawu ya miƙe ya ce, "Na yafe wa Iro. Ita kuwa mu haɗu a can."

Da muka dawo na ba Inna labarin hukuncin. Ta ce, "Wato abin da ya fito hanya ba a ce an shiga gida an ɗauka ba. Malam, ashe kai da akuyar makarantarku ɗaya."

Kawu ya kwashe kwanukan ya mayar cikin gida. Bai ƙaurace wa Malam Iro ba ko na yini ɗaya. Sai dai tun daga ranar har ya bar duniya, gaisuwarsu ta safe ita ce, "Iro, ina kwana? Ya iyali, ban da akuya?" Jar akuyar ta mutu, 'ya'yanta sun haihu, gaisuwar ba ta canza ba.

Sai kuma lokacin wani zaɓe. Ɗan wani abokinsa ya fito takarar kansila, ba zan faɗi jam'iyya ba don kada in jawo wa kaina. Aka ce ubangidansa na siyasa zai zo daga Kano ya ɗaga hannunsa. Yaron ya taɓa ganin yadda ake jera fulawa a gaban mumbari a birni, sai ya zo aron kwanukan Kawu.

Kawu ya ce, "Ƙarfe nawa taron?"

"Goma na safe, Baba."

"Goma ta agogo ko goma taku?"

"Wallahi goma daidai. Ya yi alkawari."

Kawu ya yarda, da sharaɗin shi zai tura su a baro da kansa, kuma zai zauna kusa da su. Gaskiya da hantsin nan abin ya yi kyau. Kwanuka sun cika da fure har ba a ganin tsatsarsu, mata suna ta leƙowa, mai hoto ma ya ɗauka. Aka yi ta kiɗa ana jira. Rana ta take, fure ya fara tsukewa. Aka yi azahar, Kawu ya je gida ya dawo. Babban baƙo bai iso ba sai bayan la'asar. Ya fito daga mota ana ta kirari, ya nufi mumbari, sai ya ci karo da shantali da gwangwanaye da tsagaggiyar hular kwano, kowanne da 'yar ciyawa a kwance. Ya juya ya tambayi na kusa da shi wa ya zubar da shara a nan.

Ɗan takara ya durƙuso wajen Kawu, gumi yana zuba, yana raɗa, "Baba, don girman Allah ka sa ta buɗe."

Kawu ya ce, "Ta zo a kan lokaci, ta yi aikinta, ta tashi. Mu ne muka saba jiranku, ita ba ta saba ba. Ka ce masa ya dawo gobe da hantsi."

Yaron bai ci zaɓen ba. Ban ce ita ta kayar da shi ba, ba ni da hujja, kuma na ji an ce akwai wasu dalilan.

Yanzu na zo kan abin da ya sa neman nan ya yi mini wuya. 'Yar Hantsi ba ta da wuyar kamawa. In ka tsinki reshe ka soka a yashi, shi ke nan. Da Kawu mai kyauta ne da yanzu ta cika Kibiya. Amma neman reshe a wurinsa ya fi neman aure wuya. Sai ya tambaye ka ko gidanka da katanga, ko akwai awaki, ina rana take faɗowa, ina mata suke zubar da ruwan wanke-wanke. Sannan ya ce ka je zai yi bincike. Wani malamin makaranta daga Madachi ya yi ta sintiri har sai da ya haɗo da dattijo, sannan aka ba shi. Bayan wani lokaci Kawu ya hau keke ya je duba ta ba sanarwa. Ya tarar an ajiye kwanon a gindin randa, a inuwa, kaji suna tono. Ya gaisa da mutanen gida, ya sha ruwa, ya ɗaure kwanon a bayan keke ya dawo da shi. Inna ta ce, "Ya aka yi?" Ya ce, "Zaman bai yiwu ba."

Ni kaina na roƙa. Na ce ni ɗan ƙanwarsa ne, gidana da katanga, ba ni da ko kaza. Ya dube ni ya ce, "Kai Sabi'u ba zan ba ka ba. Kullum sai ka tone ta ka duba ko ta yi saiwa." Na ji haushi a lokacin. Da na zauna na yi tunani sai na ga haka ɗin zan yi.

Mutum ɗaya na sani da ta samu ba tare da bincike ba. Wata Bafulatana ce mai tallan nono da takan shigo gidan. Ran nan ina nan ta shigo da hantsi, furen ya buɗe gaba ɗaya. Ta sauke ƙwarya, Inna ta miƙo kwano, amma matar ba ta ko gani ba. Ta tsaya tana kallo, har Inna ta ce, "Ke, nonon zai yi tsami a kanki."

Matar ta ce, "Baffa, wannan abu da kyau yake."

Kawu ya gyara zama yana jiran sauran tambayar. Shiru. Ya ce, "Ba ki tambayi amfaninta ba."

Ta ce, "Ai ga shi ina gani."

Sai kawai Kawu ya tashi, ya zaɓi gwangwanin da ya fi cika, ya miƙa mata da hannu biyu. Ya gaya mata ta sa a rana, kada ta dame ta da ruwa. Ta ɗora a kan faifan ƙwaryarta ta fita, furen yana rawa a saman kanta. Inna ta bi ta da kallo ta ce, "Malamin makaranta har dattijo ya kawo. Wannan ko nonon ba ta auna mana ba."

Bayan damina ɗaya matar ta gaya masa abin ya yaɗu ya kewaye gindin ɗakinta, har ta tsinkar wa 'yan'uwanta. Kawu ya yini yana murmushi, ya sayi nonon da ba ya bukata, abin da ban taɓa gani ba. Daga baya ta daina zuwa. Ba mu tambayi dalili ba, don ba mu san za mu neme ta ba.

Ciwon Kawu bai yi tsawo ba. Ya kwanta ana tsakiyar marka, sama a rufe, rana ba ta fitowa sai jefi-jefi. Ko a kwance, in lokacin salla ya yi sai ya ce a kawo masa na layi, a tara kwanon a bakin gado. Da safiyar wata Laraba Allah ya karɓi abinsa.

Jama'a ta taru fiye da yadda muka zata, daga Rano, daga Fammar, daga Kahu, har waɗanda ya hana reshe. Maza suna zaune a rumfar da aka kafa a ƙofar gida, Inna tana can cikin ɗaki cikin mata. Da azahar ta yi aka fito da butoci, sai Malam Iro ya miƙe, idonsa jawur. Ya riga ya sa an kai awakinsa gidan ƙaninsa an ɗaure. Ya ce, "Jama'a, kun san abin da Tanimu yake so. Ya rayu yana ba kwanukan fulawarsa ruwa da ɗigo don hannunsa ɗaya ne. Yau ga mu da yawa. Kada ruwan alwalar kowa ya zuba a ƙasa."

Aka fito da kwanukan aka jera. Wallahi ban taɓa ganin abin da ya taɓa zuciyata kamar wannan ba. Dattawa suna layi, kowa ya tsuguna a kan kwano, yana alwala yana yi masa addu'a. Wanda yake da alwala ma sai ya sabunta. Liman ya yi, ɗan takarar nan ya yi, malamin Madachi ya yi yana share hawaye, ni ma na yi. Duk ayarin da ya zo gaisuwa sai a nuna masa kwanuka. Salla biyar, kullum, ga ruwan sama yana ƙarawa, ga babu rana. Kowa yana cewa bayin Allah yau sun sha sun ƙoshi.

Kafin sadakar bakwai rassan suka yi baƙi, suka narke kamar dafaffiyar rama. In ka taɓa sai ya biyo hannunka. Muka zazzage kwano bayan kwano muna neman ko guda mai rai, babu.

Malam Iro ne ya ce shi zai gaya wa Inna. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinta, daga bayan labule, ya yi bayani. Inna ta saurara har ya gama. Can ta ce, "Ba rowa yake yi ba. Ruwa ne ba ta so, shi yake kashe ta. Da kun leƙo kun tambaye ni." Sannan ta ce, "Malam Iro, abin da akuyarka ta kasa, kun gama shi da ibada."

Matan da ke ɗakin suka fashe da dariya, ita ma ta yi, Malam Iro ma ya yi yana goge ido da bakin riga. Daga nan dariyar ta juye ta zama abin da ta zama.

Sai da ta fita takaba ta kira ni. Na tarar ta wanke kwanukan nan tas, waɗanda ta yi shekaru tana yi wa gori, ta sake cika su da sabon yashi da taki, ta jera su inda rana take faɗowa. Ta ce, "Sabi'u, ka nemo mini ita."

Na ce, "Inna, ke da kika ce ta cinye miki kwanuka?"

Ta ce, "Ba don ina son ta ba ne. Tun da ta tafi ban san lokacin ɗora tukunya ba. Da in na ga ta fara rufewa na san rana ta yi."

Akwai agogo a bangon ɗakinta, yana aiki, ni na sa masa batir.

Na fara da 'yan tsirarun da na san Kawu ya ba. Ɗaya ya ce tasa ta mutu shekarar da ya yi gini, ɗaya ya ce yara sun tumɓuke, ɗaya ya rantse ba a taɓa ba shi ba, bincike kawai aka yi masa. Na je Kano wurin masu sayar da fulawa a bakin titi, na yi musu kwatance, suka ba ni mai ja zalla da mai ruwan ɗorawa. Ganyen iri ɗaya ne, da hantsi suke buɗewa su ma. Na kai wa Inna ina murna. Ta kai kwanon dab da idonta ta daɗe tana dubawa, ta ce, "'Yan gidansu ne, amma ba ita ba ce." Ta karɓa don kada in ji kunya, ta ajiye su gefe. Sauran kwanukan suna nan da yashinsu.

Na bi masu tallan nono a kasuwa ina tambaya, amma da na ce ina neman wata mata daga wata ruga sai su ɗaure fuska, sun ɗauka shanu ne suka yi ɓarna nake neman mai su. Malam Iro ma, da ƙafarsa mai ciwo, ya hau bayan babur ya zaga rugage biyu. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne idon Inna. Bara tana gane ni daga bakin zaure. Bana sai na yi magana. In aka ƙara wata shekarar, ina tsoron ko an samo sai dai ta shafa.

Allah ya jiƙan Kawu Tanimu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Ya sa idonsa ya ƙoshi da abin da ya fi wanda ya reno a nan. Mu da muka yi masa ɓarna da kyakkyawar niyya, Allah ya karɓi niyyar. Inna kuma Allah ya ara mata gani da kwana.

Ga abin da na sani game da matar, ba kuma zan ƙara da abin da ban tabbatar ba. Doguwa ce, fara, tana da wushirya, a lokacin ba ta wuce tsakiyar shekaru ba, yanzu za ta manyanta. Ban san sunanta ba, shi Kawu yakan kira ta Dada, ita kuma ta ce masa Baffa. Inna tana jin daga wajen Kahu take zuwa, Malam Iro ya ce ta hanyar Fammar yake ganin tana ɓullowa. Wataƙila sun tashi da shanu, wataƙila sun zauna suna noma. Duk wanda ya san ta, ko ya taɓa wucewa ta wata ruga ko wani gida da hantsi ya ga ɗan fure fari mai ratsin ja a ƙasa, don Allah ya bar saƙo a gidan marigayin a Kibiya, ko ya tambayi Sabi'u tela a Rano. In kun same ta ku kwantar mata da hankali, ba ƙara aka kai ba, ba kuma karɓewa za a yi ba. Ku ce mata Baffa ya rasu, matarsa ce take roƙon reshe ɗaya. Ko ina ne, ni zan zo da kaina in ɗauka.